Na haɗa FN daga yankakkun sassa a Teksas, ku taya ni gano wadda Baba ya riƙe

Baban Sadik (Hustan):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya na karɓo kayana daga wajen maƙerin bindiga bayan wata huɗu ina jira. Tsohuwar bindigar soja ce, wadda a gida ake ce wa FN, sunanta na yanka FAL. Ba a haɗe na saye ta ba. A nan akwai dillalan da ke sayar da sassan tsofaffin bindigogin da sojojin wasu ƙasashe suka ajiye, a kwali, kamar yadda ake kawo yankakkiyar mota. Tawa ta sojan Ostiriya ce, suna kiranta StG 58, kamfanin Steyr ya ƙera musu ita da izinin kamfanin FN na Beljiyam. Da na buɗe kwalin, warin tsohon giris ya cika gareji har Maman Sadik ta leƙo ta ce mushe na sayo? Komai na ciki, bututu, gindi, kunama, har ƙafafun nan biyu da ake naɗewa. Abu ɗaya ne babu, wato uwar bindigar, ƙarfen tsakiya mai ɗauke da lamba, wanda komai ke maƙalewa a jikinsa. Ita an yanka ta da wutar walda tun kafin kayan su shigo Amurka, guntu ɗaya kawai suka bari a kwalin. Sabuwar uwa na saya ƙirar nan, ta hannun dillali mai lasisi, na cike takarda, aka binciki sunana, sannan na kai duka wa maƙeri mai lasisi ya haɗa. Harbi ɗai-ɗai take yi, ba ta feshi.
Dalilin duk wannan wahala: marigayi Baba soja ne, kuma akwai wani hotonsa a falonmu na Kaduna yana tsaye riƙe da doguwar bindiga. Tun ina yaro nake kallonta. Tambayata ga manyanmu da suka yi aikin soja, irin wace FN ce sojojinmu suka riƙe a shekarun 1970 da 1980? Ina so in san ko tawa ta yi kama da tasa.

Dan Panteka:
Wa alaikumus salam. To yau ga ɗan Beljiyam na gaskiya. Mu a nan firji ɗan Beljiyam, injin mota ɗan Beljiyam, ashe har bindiga akwai. Amma Yaya ban gane ba, me ya sa za su yanka abu mai kyau sannan su sayar maka ka sake haɗawa? Ko dabarar kwastan ce irin tamu, a yanka mota biyu a ce sifiya ce?

Baban Sadik (Hustan):
Dan Panteka, kusan haka ne, sai dai su nasu doka ce ta ce a yanka. Barista na cikin gidan nan, shi ya fi ni iya bayani.

Barista (Merilan):
Na zo. A dokar tarayyar Amurka, ba bututu ko gindi ake kira bindiga ba, uwar ita ce bindiga. Sauran ƙarafa ne kawai a idon doka. To FN ta soja an ƙera ta ne da ikon feshi, kuma hukumar ATF mai kula da dokokin bindiga tana kan ƙa'idar cewa uwar da aka taɓa yi don feshi ta zama ta feshi har abada, ko da an toshe ta. Tun watan Mayu na 1986 aka rufe wa farar hula rajistar sababbin masu feshi. Saboda haka hanya ɗaya da sassan za su shigo ita ce a lalata uwar, kuma ba da zarto ba, da wutar walda, yanka uku a karkace yadda ƙarfen zai narke ya zube.
Sai doka ta biyu. A 1989, bayan wani mutum ya harbe yara a makarantar firamare a Stockton ta Kalifoniya, gwamnatin Bush babba ta hana shigo da irin waɗannan bindigogi a haɗe, ko da masu harbi ɗai-ɗai ne. 'Yan kasuwa suka ce to mu kawo sassa a haɗa a nan. Sai majalisa ta biyo su da sashe na 922(r): an jera sassa 20, aka ce wadda za a haɗa kada ta ɗauki fiye da 10 na ƙasar waje daga cikinsu. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayi kwali cike da kayan Ostiriya masu kyau, sannan ya ajiye wasu a gefe ya sa na Amurka don lissafi ya fita. Baban Sadik, nawa ka canza?

Baban Sadik (Hustan):
Bakwai har da uwar. Kuma wallahi wasu na asalin sun fi waɗanda na sa kyau. Suna nan a leda.

Dan Panteka:
Wato bindigar tana harbi daidai da ta jiya, amma saboda kunamarta haifaffiyar Amurka ce ta zama halal. Turawa ma akwai rainin hankali.

Barista (Merilan):
Ba kai kaɗai ke faɗin haka ba, su ma masu abin suna yi wa dokar dariya. Amma dariya ba ta hana ɗauri. Kuma ku lura, abin da Baban Sadik ya yi a Teksas ni ba zan iya yinsa a inda nake ba. Merilan ta ambaci FN FAL da sunanta cikin waɗanda ta haramta sayarwa, Kalifoniya ta sa ta a jerinta tun 1989, Ilinoi ta bi sahu a 2023. Ɗalibanmu masu biza kuma ku yi nesa da abin gaba ɗaya. Mai koren kati doka ta ba shi dama, amma mai bizar karatu ko ta ziyara an hana shi riƙe bindiga sai da wasu 'yan togaciya, kuma kuskure ɗaya ya isa a sa mutum a jirgi.

Tsohon Soja:
Salamu alaikum. Jikata ce ta ce ana nemana a nan. Yaro, Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni na riƙe FN, na riƙe G3, kuma da FN na sauka tashar jirgin ruwa ta Monrobiya a 1990 cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Bari in gaya maka abin da hoto ba zai gaya maka ba: nauyi. Ta haura kilo huɗu babu harsashi. Ka sa magazin mai ashirin, ka rataya wasu a ƙugu, ka yi tafiyar wuni cikin ruwan saman Laberiya, da yamma kafaɗarka ba taka ba ce. Amma idan ta yi magana kowa ya san babba ya yi magana. Yaran 'yan tawaye da AK suke yawo, suna feshi sama da ƙasa, mu kuwa an koya mana ɗaya-ɗaya, ka duba ka harba. Feshi da FN ɓarnar harsashi ce, na farko ne kawai ke zuwa inda ka nufa, sauran tsuntsaye suke nema. Ingila ma da suka yi tasu sai suka cire feshin gaba ɗaya.
Abin da ba ta so shi ne yashi da ƙazanta. Soja malalaci ba ya shiri da FN. Akwai wani zobe a gaba da ake murɗawa a daidaita iskar da ke mayar da ƙarfen baya, sabon kurtu in ya murɗa ba daidai ba sai ta harba ɗaya ta yi shiru, sajan kuma ya sauke masa mari. G3 ba ruwanta da wannan, ko cikin laka ka tsamo ta za ta tashi, sai dai tana shuri kamar jaki, kuma tana wurgar da kwanso can nesa, duk ya yi zane-zane baƙi.

Baban Sadik (Hustan):
Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya. Maganar nauyi gaskiya ce. Tawa ma ta fi, don ƙafafun nan da murfin gaba duk ƙarfe ne. Maƙerin ya ce in na yi harbi da yawa a jere kada in riƙe murfin da hannu tsirara, zai gasa ni.

Malamin Tarihi:
Ina jin daɗin wannan hira. Bari in ƙara kaɗan kan asali, don yana da alaƙa da tambayar Baban Sadik. Wanda ya zana FAL sunansa Dieudonné Saive, a masana'antar FN da ke Herstal kusa da Liyej. Ta fito a farkon shekarun 1950, da harsashin NATO mai kaurin milimita 7.62, wanda Amurka ta matsa sai an yi amfani da shi, sannan ita Amurkar ta juya ta ƙi ɗaukar bindigar ta zaɓi M14 tata. Duk da haka ƙasashe wajen 90 sun riƙe ta. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, Ingila da Ajantina kowa da FAL ya fito, na Ingila ƙirar inci, na Ajantina ƙirar milimita.
Labarin da na fi so shi ne na Jamus ta Yamma. Sun sayi kusan dubu ɗari daga Beljiyam suka sa mata suna G1, suka nemi izinin ƙerawa a gida. Beljiyam, wadda Jamus ta mamaye sau biyu cikin shekara talatin, ta ƙi. Sai Jamusawa suka juya ga Sifen, inda injiniyoyinsu da suka watse bayan yaƙi suka yi wata bindiga mai suna CETME. Daga ita Heckler & Koch ya fitar da G3, aka karɓe ta a 1959. Wato da Beljiyam ta ce to, da watakila Baba Tsohon Soja bai taɓa shan shurin G3 ba.
A gida kuma, an kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna a 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya gina ta. Farkon abin da ta ƙera akwai BM59 ta Beretta ta Italiya. Sojan Najeriya ya riƙe G3, ya riƙe FN, daga baya har aka yi FN a Kaduna da sunan NR1. Saboda haka soja ɗan shekarun 1970 zai iya fitowa a hoto da kowace daga cikin ukun. Sai mun ga hoton.

Baban Sadik (Hustan):
Malam ai FN ce, na tabbata. Doguwa baƙa. Hoton na wajen Yayata a Kaduna, na ce ta ɗauko min da waya, tana neman inda aka sa shi bayan fentin da aka yi.

Maman Ilham:
Ni dai tun ɗazu nake karantawa ina haɗiye magana, amma ta ƙi haɗiyuwa. Yaya Baban Sadik, ba da rashin kunya ba. Mu 'yan Zamfara ne. Ƙanin mahaifiyata a gona aka harbe shi, bara waccan, yana da 'ya'ya tara. Har yau ba a koma wannan gonar ba. In na ji ana yabon muryar bindiga, ana cewa babba ya yi magana, sai cikina ya juya. Kai Allah ya fitar da kai, ya kai ka inda kake kwana da ido biyu rufe, sai ka ɗauki kuɗin da zai ciyar da gida guda na wata da watanni ka sayi abin da muke gudu, ka ajiye a gidan da yara suke. Me za ka yi da ita? Ɓarawo za ka harba da bindigar yaƙi?

Tsohon Soja:
'Yata, ki yafe ni. Ni na faɗi wannan kalma, kuma bakin barikin ne ya kufce min. Allah ya jiƙan kawunki. Na ga abin da wannan harsashi ke yi wa jikin mutum, ban faɗa don yabo ba.

Baban Sadik (Hustan):
Maman Ilham, Allah ya jiƙansa ya raya abin da ya bari. Ba rashin kunya a maganarki. Ba don ɓarawo na haɗa ta ba, ai harsashinta zai huda bangon gidana ya shiga na maƙwabci, gidajen nan katako ne da allo. Filin koyon harbi zan riƙa kai ta, takarda zan harba. Tana cikin akwatin ƙarfe mai lamba wanda aka ɗaure da ƙasa, harsashi kuma a wani wuri dabam. Gaskiyar magana, Baba ya rasu ina shekara goma sha ɗaya. Ban gaji rigarsa ba, ban gaji takalminsa ba. Da na ɗaga ta jiya na ji nauyinta, na ce ashe wannan yake ɗauka. Ban san ko wannan ya isa hujja a wajenki ba.

Maman Ilham:
Bai isa ba, amma na ji. Ni da ni ce, rijiya zan haƙa masa. Kuma maganar akwati, kowa haka yake cewa. A Amurkar nan da kuke, a 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa, hukumar lafiyarsu ce ta fitar da lissafin. Duk iyayen nan ai suna ganin sun ɓoye. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya fi ka sanin lambobin gidanka.

Baban Sadik (Hustan):
Wannan kam kin taɓa ni. Sadik ya san lambar buɗe wayata ban taɓa gaya masa ba. Zan canza ta akwatin yau, ba za ta zama ranar haihuwar kowa ba.

Na Kumasi:
Gaisuwa daga zango. Mu a Gana G3 muka fi gani a hannun soja tun muna yara. Ni tambayata ta kuɗi ce. Da ka sayi kwali, ka sayi uwa, ka sayi sauran sassa shida, ka biya maƙeri, bai fi sauƙi ka sayi sabuwa a haɗe ba?

Baban Sadik (Hustan):
Ɗan uwa kada Maman Sadik ta ga wannan tambaya. Ya fi sauƙi nesa. Akwai kamfanin DS Arms da ke ƙera sabuwar FAL a nan, da na sayi tasu da na huta. Zamanin arha ya wuce. Tsofaffin masu abin suna ba da labarin ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, lokacin da ƙasashe ke zubar da FN suna komawa ƙananan harsasai, kwali ɗaya dala ɗari zuwa ɗari uku. Ostiriya ta koma sabuwar bindigarta AUG tun 1977, nasu kuma ba su taɓa zuwa yaƙi ba, shi ya sa kayansu suka zo kamar sababbi. Na Barazil, ƙirar Imbel, sun fi shan wuya amma sun fi arha. Sai a 2005 ATF ta daina ba da izinin shigo da bututun irin waɗannan bindigogi. Daga nan duk kwalin da ya shigo da bututunsa na asali kafin hanin ya zama zinariya. Nawa irinsu ne, a hannun wani dattijo ya kwana shekara ashirin bai taɓa shi ba.

Dan Panteka:
To me ya hana ka haɗa da kanka? Ba ƙulla ƙarfe da ƙarfe ba ne? Ka kawo min nan in gama maka kafin la'asar.

Tsohon Soja:
Kai yaro, bindiga ba injin nika ba ce. A bariki ma soja yana kwance ta ya goge ya mayar, amma cire bututu da sa shi aikin mai kula da ma'ajiyar makamai ne, shi ke da ma'auni. Akwai tazara tsakanin inda harsashi ke zama da ƙarfen da ke rufe bayansa, ba ta kai kaurin gashi biyu ba tsakanin daidai da kuskure. In ta yi yawa kwanso ya fashe, kuma fuskarka ce a wurin. Na san wanda ya rasa ido a kan haka.

Baban Sadik (Hustan):
Abin da ya sa na kai wa mai sana'ar ke nan. Dokar tarayya ba ta hana mutum haɗa tasa don kansa ba in jiharsa ta yarda, kuma da yawa suna yi. Ni dai direban babbar mota ne, na san iyakata. Shi ya auna, ya gwada ta a wurinsa kafin ya kira ni.

[An goge wannan saƙo]

Shugaban Zaure:
Na goge saƙon ɗan uwanmu Ɗan Ƙauye. Ya tambaya ko za a iya sa irin waɗannan sassa cikin kwantenar motoci a aika gida don 'yan sa-kai na garinsu. Na san zafin da ya sa ya tambaya, amma ba a wannan gida ba. Duk wanda ya sake kawo irinta, a fili ko ta bayan fage, zan cire shi.

Ɗan Ƙauye:
Ranka ya daɗe, ka goge, gidanka ne. Amma ku gaya min. Sau uku ana shiga garinmu cikin shekara ɗaya. Su da AK, mu da bindigar toka da gora. In an kira jami'ai sai gari ya waye. Wani yana Teksas yana haɗa bindigar yaƙi don ya harbi takarda, mu da ake harbi ba mu da ikon ko tambaya?

Barista (Merilan):
Ɗan uwa, wallahi ba wanda ya raina halin da kuke ciki. Amma bari in gaya maka inda wannan hanya ke ƙarewa. Daga ɓangaren Amurka, fitar da sassan bindiga ba tare da lasisin gwamnati ba babban laifin tarayya ne, kuma an sha ɗaure 'yan Afirka ta Yamma da suka ɓoye makamai cikin motoci da durom. Daga ɓangaren gida, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja cikin waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izininsu, haɗa ta a wajen ma'ajiyar gwamnati ma laifi ne mai zaman kansa. Ga yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 da ta hana shigo da ƙananan makamai sai da izini na musamman. Ka tuna kwantenar da kwastan suka kama a Legas a watan Janairun 2017 da bindigogi 661 a ciki. In aka kama taku, wanda ya aika da wanda ya karɓa duk suna ciki, garinku kuma ya rasa mutum biyu a banza. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a farkon 2024. Ko da kurakuransu, ta nan ne ƙofar da ba ta kai mutum kurkuku.

Tsohon Soja:
Ni ba doka zan kawo maka ba. Na ga Laberiya. Duk bindigar da ta shiga gari don kare gari, ba ta fita in an gama. Yaron da ka ba yau, shi zai tare hanya da ita bayan shekara uku, ko a kashe shi a ɗauke ta ta koma daji. Rabin abin da ke hannun mutanen dajin nan haka ya same su. Ban ce ku zauna a yanka ku ba, ban kuma da amsar da za ta sa ka yi barci yau.

Ɗan Ƙauye:
To Baba. Allah ya kawo mana ƙarshensa.

Maman Ilham:
Amin. Kun ga abin da nake faɗi ke nan. Hira ta fara da hoton Baba, ga inda ta kai.

Ustaz Na Kano:
Amin summa amin. Maman Ilham, mallakar makami ta halaltacciyar hanya ba haramun ba ce, koyon harbi ma an kwaɗaitar da shi. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan uwansa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Baban Sadik, abin da zan ƙara shi ne kada ka riƙa sa hotonta a shafinka kana riƙe da ita. Kai baƙar fata ne, Musulmi, mai gemu, a Teksas. Ka gane.

Baban Sadik (Hustan):
Na gane sarai Ustaz. Ko a nan ban sa hotonta ba.
Jama'a, Yaya ta samo hoton Baba, a bayan kabad ya faɗa. Ga shi nan. Ya ɗan ci ruwa ta gefe amma bindigar ta fito. Baba Tsohon Soja, Malamin Tarihi, ku duba min.

Malamin Tarihi:
Allah ya jiƙansa, kamarku ɗaya. Baban Sadik, ka ɗan buɗe hoton ka duba saman bindigar. Akwai mariƙin ɗauka a tsakiya, irin na jaka, kamar yadda taka take da shi?

Baban Sadik (Hustan):
Babu. Watakila an cire.

Tsohon Soja:
Ba a cire ba, ba a haife ta da shi ba. Na sa jikata ta ƙara min girmansa. Dubi abin saiti na baya, dunƙulalle ne kamar ƙaramin ganga, a karkace. Dubi inda ake ja a ɗana ta, can gaba yake a saman bututu ta hagu, FN kuwa nata a gefen uwa yake kusa da hannu. Dubi zoben saitin gaba, rufaffe. Yaro, mahaifinka G3 ya riƙe.

Dan Panteka:
Innalillahi. Wata huɗu!

Na Kumasi:
Yaya ka yi haƙuri, na yi dariya har mutanen shago sun juyo.

Baban Sadik (Hustan):
Baba ka tabbata? Ka sake dubawa don Allah.

Tsohon Soja:
Shekara shida ina kwana da ita a gefen kaina. Ko a duhu ka miƙo min zan gaya maka. Kuma ka lura da yadda ya riƙe ta, yatsansa a miƙe a waje, ba a kan kunama ba, ko a gaban mai hoto. Wanda ya koya masa ya iya koyarwa. Igiya biyu nake gani a hannun rigarsa, kofur ne lokacin?

Baban Sadik (Hustan):
Kofur ne, da sajan ya yi ritaya. Shekara talatin da wani abu ina kallon hoton nan a raina, ban taɓa lura da yatsan ba.

Dan Panteka:
To yanzu sai a nemo kwalin G3.

Barista (Merilan):
Akwai su, da na CETME ma. Sai dai ita uwarta ta fallen ƙarfe ce, aikin walda ne, kuɗin maƙeri ya fi na FN.

Baban Sadik (Hustan):
Barista rufa min asiri. Na nuna wa Maman Sadik saƙon Baba, ta karanta sau biyu, ba ta ce komai ba ta koma kicin. Babu kwali na biyu. Maman Ilham, nawa ake haƙa rijiya a wajenku yanzu?

Maman Ilham:
Ta burtsatse ko ta hannu? Bari in kira gida in tambaya.

Tsohon Soja:
Yaro, ka ce wa yayarka ta juya hoton ta ɗauko min bayansa. Masu hoton bariki sukan buga hatimi da shekara, wani lokaci har da bataliya. In ta 1970 da wani abu ce a Kaduna, akwai mutum biyu da suka rage da zan iya tambaya.